Furen Kuɓewa Na Ɓawon Masara

Da damina, in kuka shiga gona da sassafe, kukan tarar kuɓewa ta yi fure, rawaya mai haske, da ja wur a cikin gindinsa. Amma ba ya daɗewa. Kafin yamma ya yi yaushi, ba da jimawa ba ya faɗi, ɗan kuɓewa ya fito a gurbinsa. In kuma kaka ta wuce, hunturu ya shigo, sai ku nemi fure a gona ku rasa. Saboda haka mutane tun zamanin dā suka yi dabarar yin fure da hannunsu, wanda ba ruwansa da rani ko damina. Mutanen ƙasar Sin sun daɗe suna yinsa da siliki. Waɗansu suna yi da takarda, waɗansu da ƙyalle, waɗansu da gashin tsuntsu. Yau kasuwanninmu cike su ke da furen roba wanda inji ya ke bugawa, a kawo mana daga ƙasashen waje mu saya da kuɗi, alhali kuwa abin da za mu yi namu da shi yana nan zube a bayan rumbu, awaki suna ci.

Kafin in gaya muku yadda a ke yi, bari in ba ku labarin kunyar da na sha. Sa'ad da na ke kwalejin horon malamai, aka sa mu aikin hannu, kowa ya yi fure da takarda. Na zauna na yanka kunnuwa manya manya har takwas, na shafa musu ja da shuɗi, na kai wa malaminmu ina taƙama. Ya karɓa, ya juya shi, ya sāke juyawa, ya ce, "Wannan furen wace bishiya ce?" Na yi shiru, gama ban sani ba. Ya ce in tafi bayan ɗakin girki inda aka shuka kuɓewa, in tsaya in duba, kada in komo sai na iya faɗin abin da na gani. Tun ina yaro na ke cin miyar kuɓewa, amma sai ran nan na san kunnuwan furenta biyar ne.

Ashe aikin ba daga almakashi ya ke farawa ba, daga ido ne. Akwai waɗansu Turawa biyu, uba da ɗa, Leopold Blaschka da ɗansa Rudolf, da suka zauna kusa da birnin Dresden a ƙasar Jamus. Su da gilashi suka yi nasu furanni, domin Jami'ar Harvard ta Amurka ta riƙa koya wa ɗalibai ilmin tsire-tsire da su. Sun fara a 1887. Uban ya rasu a 1895, ɗan ya ci gaba shi kaɗai har 1936, suka bar abubuwa fiye da 4,000. Sukan shuka tsiron a lambunsu, su zauna su dube shi, sa'an nan su taɓa gilashi. Har yanzu mutane suna zuwa kallo, da yawa ba su yarda gilashi ne sai an gaya musu.

To, ku ma ku tsinko furen kuɓewa guda, da izinin mai gona, ku duba. Kunnuwan nan biyar ba a jere su ke gefe da gefe ba, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, kamar yadda a ke jera faifai. Gindin kowanne ja ne mai duhu, daga ciki. A tsakiya akwai wani ɗan sanda mai garin rawaya, da 'yan ƙulle-ƙulle ja a bisa kansa. A ƙarƙashi kuwa akwai ɗan ƙoƙo kore wanda ya riƙe su duka. In kun duba furen auduga, da na rama, da na yakuwa, za ku ga ƙirarsu ɗaya, domin dangin juna ne. Wanda ya iya ɗaya ya kusa iya sauran.

Yanzu sai kayan aiki. Da kaka, in ana ɓare masara, ku tara ɓawon. Na waje yana da kauri, ga datti, ku bar wa awaki. Na ciki, fari mai laushi, shi za ku shanya a inuwa har ya bushe, ku adana a kwando. Ku nemi almakashi, da zare, da 'yar auduga, da tsinken tsintsiyar kwakwa mai ƙarfi ko siririyar waya, da ƙaro. Ƙaron nan shi ne danƙon da ke fita jikin dakwara, wanda malaman allo su ke sa wa tawada. A jiƙa shi a ɗan ruwa ya kwana, ya zama abin liƙi. Waɗansu sukan yi da kokon rogo, yana kuwa kamawa, sai dai kyankyasai da kiyashi suna sonsa, wata rana ku tashi ku tarar sun cinye muku rabin fure.

Rini ma ba sai an saya ba. Saiwar rawaya ko gangamau, in an daka an tafasa, tana ba da launin kunnuwan. Karan dafi, wanda dukawa su ke rina fata da shi, in an sa masa 'yar kanwa yana ba da ja. Kore kuwa ba wuya: abin da aka tsoma a baba ya yi shuɗi, in aka sāke tsoma shi a rawaya sai ya koma kore. Wanda ya ke da rinin kanti ya yi da shi, ba laifi. Amma tafasa ruwa ba aikin ƙaramin yaro ba ne, ku roƙi inna ko yaya ta taimake ku.

Busasshen ɓawo yana karyewa, saboda haka ku jiƙa shi a ruwan ɗumi kamar minti 10 har ya yi laushi, sa'an nan ku sa shi cikin rini. Kada ku bar shi ya daɗe a rawayar, gama furen kuɓewa ba rawaya ne mai ƙarfi ba, fari-fari ne. Ku tsamo, ku matse a tsumma. Ku lura ɓawon yana da jijiyoyi da suka miƙe daga gindi zuwa sama. Ku yanka kunnuwan yadda jijiyoyin za su bi tsawonsu, in kun gitta su sai kunnen ya tsage a hannunku. Kowane kunne ya yi faɗin yatsu uku a sama, ya tsuke a gindi. Ya fi kyau ku fara yanka guda a kwali, ku riƙa ɗora shi a kan ɓawon kuna bi, don su fito daidai. Sa'an nan ku tsoma gindin kowanne cikin jan, kaɗan kawai, kamar faɗin farce.

Tun suna da danshi ku kifa su a bayan ludayi ko cokali, ku danna da yatsa, ku bar su su sha iska. In sun bushe a haka sai su riƙe lanƙwasar, ba su sāke miƙewa. Nan ne masu gaggawa su ke ɓata aiki. Na sha ganin yara sun liƙa kunnuwa a miƙe kamar an shanya wanki, su ce sun gama.

Ɗan sandan tsakiya kuwa, ku naɗa auduga siririya a kan tsinke, tsawon gaɓar yatsa, ku ɗaure da zare. Ku shafa ƙaro, ku birgima shi cikin garin katako na wurin kafinta wanda kuka rina rawaya. Kada ku sa garin gero ko na masara, don dalilin da na riga na faɗa. A bisa kan ku ɗiga ja.

Saura haɗawa. Ku riƙe tsinken a hannun hagu, ku ɗora kunne na fari a gindin audugar, ku zagaya da zare sau biyu. Ku ɗora na biyu ya hau gefen na farin, ku sāke zagayawa, haka haka har na biyar, wanda za ku cusa gefensa ƙarƙashin na farin. In kun ɗaure da kyau, ku yanko koren ɓawo siriri, ku shafa masa ƙaro, ku rufe zaren da shi ya zama ƙoƙon nan, ku ci gaba da naɗe tsinken har ƙasa. Wanda ya ke so ya ƙara ganye ya koma gona ya duba, zai ga ganyen kuɓewa a rarrabe ya ke kamar yatsun hannu.

Na farko ba zai yi kyau ba. Nawa ma bai yi ba. Ku ajiye shi, kada ku yar, ku kwatanta da na goma. In hannu ya faɗa, yarinya ta iya yi wa yayarta na jeren ɗaki ran da za a kai ta gidan miji, yaro kuma ya iya kai nasa kasuwa ya sami na littafi da fensir. Ragowar ƙyallen da tela ya ke zubarwa ma ana yi da shi ta wannan hanya, sai dai a fara tsoma shi a ruwan ƙaro ya bushe, don ya yi ƙarfi ya tsaya.

In kun gama, ku zuba yashi a 'yar tukunya ko kwalba, ku kafa furannin a ciki. Ku nisanta su da murhu da fitila, gama busasshen ɓawo da wuta ba su ga maciji. Kada ku bar su inda rana ta ke dukansu, launin zai koɗe. Da hunturu, in ƙura ta hau su, kada ku wanke da ruwa, ku kaɗe da gashin kaza.