Melatonin da Haɗarin Wuce Ƙima Wajen Neman Barci

Rashin barci yana daga cikin koke-koken da ake yawan kaiwa gaban masu sayar da magani a birnin Kano, kuma a unguwanni irin su Gyadi-Gyadi da Tarauni, inda kantunan magani suka yawaita saboda maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, ba a rasa abin da za a miƙa wa mai wannan kuka. Jama'a sun daɗe da sanin illar ƙwayoyi irin su Valium da Rochi, musamman tun bayan da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai koɗin a shekarar 2018, aka kuma dinga wa'azi a kan shaye-shaye a masallatai da gidajen rediyo. Saboda haka mutumin kirki da ke gudun a ce yana shan ƙwaya ya fi sakin jiki da abin da aka ce masa ƙarin sinadarin jiki ne kawai, kuma a wannan sahu melatonin yake, wanda ake shigo da shi daga ƙasashen waje a robobi, ake kuma tallarsa a intanet.

Melatonin sinadari ne da jikin ɗan Adam yake sarrafawa da kansa, daga wata 'yar mitsitsiyar gaɓa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa wadda ake kira finiyal, kuma wani likitan fata mai suna Aaron Lerner ne ya fara gano shi a Jami'ar Yale ta Amurka a shekarar 1958. Idan duhu ya shiga sai gaɓar ta fara sakinsa cikin jini, ya yi ta ƙaruwa har tsakar dare, sannan ya ragu da gabatowar alfijir, haske kuwa yana danne shi, har da hasken fuskar waya da na kwamfuta. Aikinsa kamar na mai shela ne, yana sanar da gaɓoɓin jiki cewa dare ya yi, amma ba shi da ƙarfin da zai kayar da mutum kamar yadda ƙwayoyin bugarwa suke yi. Daga nan kuskuren ke farawa, domin wanda ya sha ƙwaya ɗaya bai ji ta buge shi ba sai ya ɗauka ta yi kaɗan, gobe ya sha biyu, jibi uku.

Abin da jiki yake fitarwa a dare guda ɗan ƙaramin kaso ne na miligiram 1, alhali robobin da ke kasuwa suna ɗauke da ƙwayoyi masu miligiram 3 ko 5 ko 10. A shekarar 2001 masu bincike a cibiyar MIT ta Amurka, ciki har da Richard Wurtman, sun gwada ƙima daban-daban a kan mutanen da suka haura shekara 50 masu fama da rashin barci, suka ga cewa miligiram 0.3 ya isa ya daidaita musu barcin, yayin da miligiram 3 ya saukar da zafin jikinsu, ya kuma bar sinadarin da yawa a jininsu har gari ya waye. Ke nan wanda ya ƙara yawa ba barci ya ƙara wa kansa ba, dare ya jawo cikin rana, sai ya wayi gari da nauyin kai da jiri da kasala, wani lokaci da tashin zuciya ko munanan mafarkai. Wannan magagi ba ƙaramin abu ba ne ga direban adaidaita sahu da zai fita titi bayan sallar Asuba, ko ga dattijon da zai tashi cikin duhu ya nufi bayan gida ko masallaci, domin faɗuwa ɗaya tana iya karya masa ƙugu.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, ita ce abin da aka rubuta a jikin roba sau da yawa ba shi ne a cikinta ba. A Amurka, inda wasu daga cikin waɗannan robobi suke fitowa, wata doka ta shekarar 1994 ta sa ana ɗaukar melatonin a matsayin ƙarin abinci, wato ba a tilasta wa kamfani ya tabbatar da ingancinsa kafin ya kai shi kasuwa kamar yadda ake yi wa magani. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Guelph ta Kanada aka wallafa a 2017 ya auna samfura 31, sai aka tarar wani ya gaza abin da aka rubuta da kashi 83 cikin ɗari, wani kuma ya zarce da kashi 478 cikin ɗari, sannan kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na samfuran suna ɗauke da serotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa da ba a ambata a jikin robar ba. A 2023 likita Pieter Cohen da abokan aikinsa sun auna samfura 25 na melatonin da aka sarrafa a siffar alawa mai taushi, suka wallafa a mujallar JAMA cewa 22 daga ciki ba su dace da rubutun jikinsu ba. A Ingila kuwa ba a sayar da shi sai da takardar likita, kuma wannan matsayi ya fi kusa da hankali.

Alawar nan ita ce ta fi ban tsoro a gidan da yara suka yi yawa. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta bayyana a 2022 cewa rahotannin yaran da suka haɗiyi melatonin sun ƙaru da kashi 530 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2021, inda adadin ya haura 260,000, mafi yawansu ƙananan yara ne da suka tsince shi a gida. Galibinsu ba su sami wata illa mai tsanani ba, amma dubbai sun kwanta a asibiti, biyar sai da aka sa musu na'urar numfashi, biyu kuma suka rasu. A gidajen Kano, inda akan ajiye magani a kan madubi ko a jakar uwa, roba mai alawa ja da ɗorawa ba za ta kwana lafiya ba, kuma uwar da ke ba yaro melatonin domin ya yi shiru da daddare tana taɓa agogon jikin da bai gama ginuwa ba, ba tare da likita ya duba dalilin kukan ba.

Akwai kuma batun haɗuwarsa da wasu magunguna, wanda ya shafi masu zuwa asibitin koyarwa kai tsaye. Melatonin yana iya ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan warfarin, wato maganin tsinka jini, yana iya rage aikin nifedifin da ake ba masu hawan jini, yana kuma iya taɓa sukarin mai ciwon suga. Maganin Cipro, wanda mutane ke saya da kansu duk lokacin da aka ce taifot ne, yana rage saurin da hanta take narkar da melatonin, sai ya taru a jini fiye da yadda aka nufa. Haɗa shi da Valium ko Piriton yana ninka magagi. Mai ciki da mai shayarwa da mai farfaɗiya ba su da hurumin shansa sai da izinin likita.

Adalci ne a faɗi cewa melatonin ba ya kama mutum irin kamun Valium ko tiramadol, kuma yana da amfani a muhallinsa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya dawo daga Guangzhou, inda agogo yake gaba da na Kano da awa 7, zai iya amfana da 'yar ƙima kaɗan na 'yan kwanaki domin jikinsa ya koma kan lokaci. Amma ga rashin barcin da ya daɗe, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa kada a dogara da shi, domin amfaninsa a nan kaɗan ne. Wanda zai saya ya nemi lambar rajistar NAFDAC, ya kuma yi magana da ƙwararren mai harhaɗa magani, ba yaron kemis ba, ganin cewa gurɓacewar harkar magani ce ta sa hukumomi suka rufe shagunan magani na Sabon Gari a watan Fabrairu na 2024 suka tilasta wa dillalai komawa Dangwauro.

Abin da ke hana mutumin Tarauni barci galibi a fili yake: zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ga kuma ɗauke wuta, sauro, ƙarar janareto, shayi mai kauri da goro bayan Isha'i, da wayar da ake riƙewa har ƙarfe biyu na dare. Wani kuma damuwa ce ta bashi ko ta iyali, wani ciwon baƙin ciki ne da ya kai matsayin cuta, wani kuwa minshari ne mai ɗauke numfashi wanda ke da alaƙa da hawan jini. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ƙarin melatonin zai warkar, kuma wanda ya kai wata uku yana fama da rashin barci dare uku ko fiye a kowane mako ya shiga ma'aunin da likitoci ke kira rashin barci mai ɗorewa, wanda ake dubawa a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da kuma asibitin Dawanau, inda maganin farko shi ne gyaran tsarin kwanciya da tashi tare da tattaunawa da ƙwararre, kafin a kai ga rubuta ƙwaya.