Takunkumin Yadi: Ɗinkinsa da Yadda Ake Sa Shi

Da korona ta shigo Najeriya a ƙarshen Fabrairun 2020, takunkumin asibiti ya yi tsada, ya yi wuyar samu. Sai teloli suka hau keke, ƙyallayen atamfa da shadda da a da ake sharewa suka zama abin nema.

Aikin takunkumi tare feshin yawu da majina ne idan mutum ya yi tari, atishawa ko magana. Don haka ya fi kare na kusa da kai fiye da kai kanka.

A Yunin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi shi ninki uku: na ciki auduga mai tsotse danshi, na tsakiya mai tacewa, na waje kuma yadin roba wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Ninki ɗaya kariyarsa ba ta kai ta ninki uku ba. Ɗaga yadin a rana. In kana hango haske ta ramukan saƙar, nemi wani.

Wurin sawa ake tafka kuskure. Takunkumin ya rufe hanci da baki har ƙasan haɓa, kada ya bar kafa a kumatu. Mai rataye shi a haɓa, kamar yadda aka yi ta gani a kasuwanni don gudun jami'ai, kunnuwansa kawai yake wahalarwa. A cire shi ta igiyar kunne, a wanke hannu. Kullum a wanke shi da sabulu da ruwan zafi, in ya jiƙe da gumi a canza wani. Yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa ba a tilasta musu.