Idan Aka Tsallake Mutum Wajen Ƙarin Girma

Daga cikin jarrabawowin da ke samun ma'aikaci a wannan zamani, kaɗan ne suka kai ɗacin ranar da aka liƙa sunayen waɗanda aka yi wa ƙarin girma, mutum ya bi takardar da ido tun daga sama har ƙasa, ya tarar da sunan yaron da shi ya koya wa aiki, nasa kuwa babu. Abin da ya wajaba ga mai hankali a wannan hali, tun kafin ya ce an yi masa asiri ko an yi son kai, shi ne ya binciki sababin al'amarin, gama zato ba ya zama hujja.

A aikin gwamnatin tarayyar Nijeriya, tun bayan gyaran kwamitin Udoji na 1974, matakan albashi daga na 1 ne zuwa na 17, kuma ƙa'ida ta ce wanda ke mataki na 6 zuwa ƙasa sai ya shekara 2 a matsayinsa kafin a duba shi, na 7 zuwa na 14 shekara 3, na 15 zuwa sama shekara 4. To, amma cikar wa'adi kaɗai ba ta isa ba, domin akwai jarrabawa, akwai rahoton shekara da shugaba ke cikawa a kan na ƙasa da shi, sa'an nan akwai gurbi, wanda sau da yawa shi ke tsayar da mutumin da ya ci jarrabawa sarai, saboda kujeru raguwa suke yi gwargwadon yadda ake hawa sama.

Idan kuwa bincike ya tabbatar an tauye masa haƙƙi, to, tawakkali bai hana riƙon sababi ba, kuma wanda ya ce shiru a kan zalunci shi ne yarda da ƙaddara, bai fahimci ƙaddara ba. Sai ya rubuta kokensa cikin ladabi, da kwanan wata da hujjoji, ya bi da shi ta hannun shugabansa zuwa hukumar kula da ma'aikata; in ba a saurare shi ba, ga Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975.

Abin da nake ƙi, kuma ya yawaita, shi ne ramuwa a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutum ya riƙa zuwa ofis da hantsi, fayil ya yi wata a teburinsa, alhali mai fayil ɗin wani tsoho ne da ya yi tattaki daga ƙauye neman fanshonsa. Albashi lada ne a kan aiki, wanda ya karɓe shi bai yi aikin ba ya shigar da shubuha cikin abincin iyalinsa. Ga abin koyi ga wanda aka ɗora wa wani a kansa: Sayyidina Umar ya sauke Khalid ɗan Walid daga shugabancin rundunar Sham ya ɗora Abu Ubaida, Khalid kuwa, duk da nasarorinsa, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa.

Ku kuma shugabanni, ku kira wanda aka tsallake ku gaya masa dalili baki da baki, kada ku bar shi ya ji daga bakin masinja.