Masu Lissafin Kwanan Wata a Bayan Shafin Intanet

A cikin masu rubuta manhajar intanet, wurin lissafin kwanan wata ake gane gwani. A ce an ba mutum kwangilar shafin da ke karɓar kuɗi duk wata, sai wani ya biya ranar 31 ga Janairu. Yaushe zai sake biya? Sabon hannu ƙara ɗaya zai yi a kan watan, ya kama gabansa. Ita kuwa JavaScript, yaren da ake rubuta manhajar shafin da shi, da ta nemi 31 ga Fabrairu ta rasa, sai ta zarce 3 ga Maris ba tare da ta ce uffan ba. Gwani kan fara tambayar mai kwangilar: ranka ya daɗe, 28 ga Fabrairu za a caje shi ko 1 ga Maris? Wannan hukunci na mai kasuwa ne.

Kayan aikin kansu ba su rasa tabo ba. Cikin gaggawa Brendan Eich ya ƙirƙiro JavaScript a 1995, aka aro tsarin kwanan wata daga yaren Java, inda Janairu ke zama 0, Disamba kuma 11. Har yau haka abin yake, don gyara shi zai rushe tsofaffin shafuka.

Can ciki, milisakan kawai na'urar ke ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1970. Shi ya sa rago kan ƙara 86,400,000 ya ce ya sami gobe. A Kano ko Zinder asirinsa ba zai tonu ba, tun da ba ma taɓa agogonmu. A Ingila kuwa, inda ake tura agogo gaba, Lahadin ƙarshen Maris awa 23 ce. Samoa ma tsallake 30 ga Disamba 2011 ta yi ɗungurungum.

Sai shekara mai kwana 366: 2000 tana ciki, 1900 ba ta ciki, ko da yake Excel na nan kan bakanta cewa tana ciki. Ranar ƙarshe ta 2008 na'urorin kiɗa na Zune suka sandare saboda wannan lissafi. Don haka kafin ya miƙa aiki, gwani kan murɗa agogon kwamfutarsa zuwa 29 ga Fabrairu da daren 31 ga Disamba, ya ga abin da zai fashe.

Kalandar Hijira ta fi ba shi aiki a nan gida. Burauza na iya lissafa ta Ummul Ƙura ta Saudiyya, amma azumi a Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi yake jira. Mai hankali sai ya bar gurbin da mutum zai gyara ranar da hannu bayan an ga wata.