Babban Tanki Ba Ya Ƙara wa Famfo Ƙarfi

A duk unguwar da ake gini sai ka ji wani ya ce: "Alhaji, in kana son ruwa ya riƙa zuwa da ƙarfi, sayi babban tanki." Maigida ya ciro kuɗi ya sayo mai lita 5,000, a ɗora shi inda ƙaramin yake, a buɗe famfon banɗaki, ruwa ya ci gaba da tsiyaya yadda ya saba. Mai shawarar bai nufe shi da sharri ba. Ya dai gauraya abu biyu da ɗaliban kimiyya ma ke gaurayawa a ɗakin jarrabawa: nauyi daban, matsi daban.

Matsi shi ne ƙarfin da ke danna wuri, a raba shi da faɗin wurin da ya danna. Yarinyar da ta ɗauko tulu babu gammo tana jin sa yana cin tsakar kanta. Da ta naɗa gammo, nauyin tulun bai ragu ba ko kaɗan, ya dai bazu a wuri mai faɗi, sai ta samu sauƙi. Ana auna matsi da faskal, sunan masanin Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662.

A cikin ruwa kuwa zurfi ne ke magana. Abin da famfo ke ji shi ne tazarar da ke tsakanin bakinsa da saman ruwan tanki, a tsaye. In tazarar mita 5 ce, matsin ya kai kusan faskal 50,000, ko tankin na lita 500 ne ko na lita 5,000. Shi ya sa famfon ƙasa ke feshi, na saman bene kuma yana ɗiga, alhali tanki ɗaya suke sha. Shi ya sa kuma ake faɗaɗa gindin madatsar ruwa irin ta Tiga fiye da samanta, don can ƙasa ne ruwa ya fi dannawa. Akwai 'yar gaskiya a maganar magina, kuma ya kamata a ba su haƙƙinsu: babban tanki yakan ɗan fi tsayi, kuma ruwansa ba ya saurin sauka, don haka ƙarfin yakan daɗe bai faɗi ba. Amma mai son ruwa ya zo da ƙarfi, hasumiyar tankin zai ɗaga, ya kuma duba bututunsa, domin siririn bututu mai yawan lanƙwasa yana cinye ƙarfin ruwa a hanya.

Magana ta biyu ta fi wannan shiga rai, don kowa yana jin ta a bakinsa: wai in ka tsotsi lemo da siririn bututu, kai ne ke jawo shi sama. Ba haka ba ne. Abin da bakinka ya yi shi ne rage iskar da ke cikin bututun. Iskar waje, wadda ke danna saman lemon, ita ce ta turo shi. Iskar nan da muke ɗauka ba komai ba ce tana danna kowane murabba'in santimita na jikinmu da nauyin kusan kilo ɗaya. A gaɓar teku matsinta faskal 101,325 ne. Ba ta murƙushe mu domin cikin jikinmu ma akwai matsin da ke tare ta.

Wannan ba gardamar aji kaɗai ba ce, asarar kuɗi ake yi a kanta. Mutum ya sayi injin ban-ruwa ya ajiye a bakin rijiyar da ruwanta ke can mita 15 ƙasa, injin ya yi ta kuka babu ko ɗigo, sai a ce jabu aka sayar masa, ko a ce ya nemo mai ƙarfi. Ko wane irin ƙarfi gare shi, in dai daga sama yake zuƙa, ba zai ɗago ruwa fiye da kimanin mita 10 ba, domin iyakar abin da iskar waje za ta iya turowa ke nan. A aikace ma da wuya ya wuce mita 7 ko 8. Masu aikin rijiya a Italiya sun yi karo da wannan iyaka tun ƙarni na 17, kuma wani masani mai suna Toriceli ne ya warware ta. Ya cika bututun gilashi da zaiba, wadda ta ninka ruwa nauyi sau 13.6, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, ya ga ta sauko ta tsaya a wajen santimita 76. A 1648 surukin Faskal ya hau wani dutse a Faransa da irin wannan bututu, zaibar ta riƙa sauka yana ƙara hawa, alamar cewa nauyin iska ne ke riƙe da ita. Saboda wannan iyaka ne ake zura injin rijiyar burtsatse cikin ruwan kansa, ya turo daga ƙasa. Ma'aunin Toriceli kuma yana nan a asibiti: in an ce awon jininka 120 bisa 80 ne, milimita na zaiba ake nufi.

Sai batun taya, inda gaskiya da ƙarya suka cakuɗe har abin ya zama haɗari. Gaskiya ne iskar taya tana ƙara matsi in ta yi zafi. Gaskiya ne direbobin sahara, irin na hanyoyin Agadas, suna rage iska in za su shiga rairayi, don tayar ta baje ta daina nutsewa. Amma direban da ya tsaya a kwalta da tsakar rana a watan Afrilu ya ce wa mai faci, "Malam, ɗan sace mini iska kar ta fashe," yana kiran abin da yake gudu ne. Taya mai ƙarancin iska tana yawan lanƙwashewa a gefe yayin gudu, lanƙwasar ta haifar da zafi, zafin ya raunana ta har ta yi bindiga. Wannan magana ita ce wadda na fi so kowane ɗalibi ya kai gida, domin rayuka ke tafiya a kanta. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba a yawancin motoci, kuma na taya mai sanyi ne. A auna da safe kafin a kama hanya.

Ɗaya ta rage, daga kicin. Wasu suna ɗaura wa tukunyar gas agogon awon matsi don su san saura nawa. Gas ɗin girki yana zaune ne a matsayin ruwa cikin tukunya, kuma muddin akwai sauran ruwan, matsin tururinsa kusan ɗaya ne, zafin wuri kawai ke motsa shi. Allurar agogon ba za ta faɗi sosai ba sai gas ya zo ƙarshe. Mai son sanin abin da ya rage ya ɗora tukunyar a sikeli, ya cire nauyin tukunya fanko da aka buga a jikinta.