BABI NA UKU: AMON TSOHUWAR ALGAITA DA ABUBUWAN DA KE MAYE GURBINTA A FADOJIN ARGUNGU DA GWANDU

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Kabawa suka bar Birnin Kebbi bayan da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin a shekarar 1805, har suka kafa sabuwar fada a Argungu, da kuma yadda Birnin Kebbi ya zama mazaunin Sarkin Gwandu daga baya. Wannan babi zai dubi algaita, wadda take ɗaya daga cikin kayan bushe-bushen fada. Za a yi ƙoƙarin fito da dalilan da suka sa mabusa ke fifita amon tsohuwar algaita a kan na sabuwa, sannan a auna abubuwa masu sauƙin kuɗi da ake amfani da su a madadinta.

3.1 Ƙirar Algaita

Kalmar algaita tana da dangantaka da "gaita" ta Larabawan Magrib, musamman ƙasar Maroko, inda har yanzu ake busa irinta. Ana sassaƙa jikinta da itace, a fafe cikinsa ya zama rami mai siffar mazurari, wato tsukakke daga sama, mai faɗi daga ƙasa. Bayan an huda ƙofofin da ake ɗora yatsu, waɗanda galibi huɗu ne, sai a rufe jikin da fata. A samanta akwai bututun ƙarfe, da ɗan faifan da leɓɓan mabushi ke dogara a kai, da kuma 'yar ciyawa mai baki biyu wadda ake sakawa gaba ɗaya a cikin baki. Karkarwar wannan ciyawa ita ce tushen sautin. Mabushi yakan tara iska a kumatunsa, yana shaƙar wata ta hanci a lokaci guda, shi ya sa busar ba ta yankewa.

3.2 Amon Tsohuwar Algaita

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba tsohuwar algaita amonta. Na farko shi ne itacen. Itacen da ya shekara da yawa ya riga ya gama bushewa, saboda haka ramin cikinsa ba ya sauya siffa da sauyin yanayi kamar na ɗanyen itace. Wannan yana da muhimmanci a ƙasar Kabi, inda hunturu ke busar da komai, damina kuma ta kawo laima daga fadamun gulbi. Na biyu shi ne fatar, wadda takan toshe duk wata 'yar tsaga da iska za ta iya sulalewa. Idan iska na fita ta inda ba a nufa ba, sautin yakan dushe, mabushi kuma ya gaji da wuri. Na uku shi ne sabo, domin wanda ya gaji algaita daga mahaifinsa ya san ƙarfin iskar da kowace ƙofa take buƙata.

Ya kamata a lura cewa irin wannan muhawara tana nan a tsakanin masu busa saksofon, wanda Adolphe Sax ɗan ƙasar Beljiyam ya yi wa rajista a Faransa a shekarar 1846. Shi ma ramin cikinsa mai siffar mazurari ne, sai dai jikinsa na tagulla ne, harshensa kuma mai baki ɗaya. Samfurin Selmer Mark VI, wanda aka fara ƙerawa a 1954, ya yi tsada ƙwarai, har masu ƙaramin ƙarfi suka koma ga na kamfanin Yamaha da waɗanda ake ƙerawa a Taiwan da Sin. Abin da masana ilimin sauti suka fi ƙarfafawa shi ne, siffar rami da harshe da gwanintar mabushi sun fi tasiri a kan amo fiye da shekarun abin busar. Wannan ra'ayi ya dace da algaita: tsufa kaɗai ba ya gyara mugunyar sassaƙa.

3.3 Abubuwan da ke Maye Gurbinta

Ana iya kasa waɗannan gida biyu. Kashi na farko shi ne sabuwar algaita mai araha, wadda aka yi da itacen da bai gama bushewa ba da ƙarfe mara kauri. Irin wannan takan yi ƙara mai tsini, kuma tana saurin tsagewa. Duk da haka tana da amfani ga mai koyo, kuma idan sassaƙar ta yi kyau, aka dace da ciyawa, amonta yakan kusanci na tsohuwa.

Kashi na biyu shi ne fiyano, wanda ya yaɗu a ɗakunan ɗaukar waƙoƙi na Kano tun daga shekarun 1990 tare da bunƙasar finafinan Hausa. Mutum ɗaya yana iya fitar da sautin ganga da na busa daga na'ura ɗaya, don haka mai biki ya huta da ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa. To amma a nan ne matsalar take. Hausa harshe ne mai karin sauti, wato sama da ƙasa da faɗau, kuma aikin algaita a fada shi ne ta faɗi taken sarki da kirarinsa ta hanyar bin wannan kari. Mabushi yakan ja sauti ya lanƙwasa shi da yatsa da numfashi, har mai sauraro ya gane maganar. Shi kuwa fiyano an rarraba sautukansa daki-daki bisa tsarin Turawa, saboda haka yana iya kwaikwayon muryar algaita, amma da wuya ya fito da maganarta yadda dattawan fada za su gamsu.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa darajar tsohuwar algaita ta ta'allaƙa ne ga kyawun sassaƙa da bushewar itace da kuma hannun da ya saba da ita. Sabuwa mai araha tana iya cike gurbi matuƙar akwai masassaƙa da mabusan da suka san aikin. Abin tsoron shi ne a wayi gari ana ganin algaita a Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, ko a ji ta a hawan salla da bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934, alhali babu matasan da suka haddace taken. Babi na gaba zai dubi yadda ake gadon sana'ar busa a waɗannan fadoji biyu.