Zakarun Gwajin Dafi: Masu Ɗora Babbar Manhajar Kwamfuta Kafin Ta Fito Kasuwa

A ranar 2 ga Oktoban 2018 kamfanin Microsoft ya saki sabon zubin Windows 10, wanda ya yi wa lamba 1809. Ba a cika mako guda ba ya janye shi. Wasu daga cikin waɗanda suka ɗora shi sun kunna kwamfutocinsu sun tarar babu takardunsu, babu hotunansu, duk sun salwanta. Kamfanin ya ce abin ya shafi kwamfuta ɗaya ne cikin kowace dubu goma da aka ɗora wa zubin, amma wannan lissafi ba zai sanyaya zuciyar wanda ya rasa aikin shekaru ba. Sai ranar 13 ga Nuwamba aka sake sakinsa bayan gyara.

Abin da ya fi ɗaure kai ya bayyana daga baya. Watanni kafin a saki zubin, wasu masu gwaji sun riga sun ci karo da wannan matsala, sun kuma rubuta wa kamfanin. Rahotanninsu sun nutse a cikin tulin ƙorafe-ƙorafe, ba wanda ya tsamo su a kan lokaci. Duk wanda ke sha'awar gwada babbar manhajar kwamfuta kafin ta fito kasuwa, ya kamata ya fara da wannan labari, domin ya nuna amfanin gwajin da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Me ya sa ake sakin abin da bai kammala ba?

Babbar manhaja, kamar Windows ko macOS ko Linux, ita ce ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da duk sauran manhajoji. Ita ke raba wa kowace manhaja wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ke ajiye fayiloli, ita ke magana da firinta da kyamara da allon rubutu ta hanyar wasu ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. Idan manhajar buga takardu ta samu tangarɗa, ita kaɗai za ta tsaya. Idan babbar ce ta samu, komai ya tsaya.

Wahalar mai ƙera ta ita ce bai san a kan wace irin na'ura za ta sauka ba. A watan Maris na 2020 Microsoft ya sanar cewa Windows 10 na aiki a kan na'urori biliyan ɗaya. Waɗannan na'urori ƙirar HP ne da Dell da Lenovo da wasu kamfanoni barjat, kowace da irin kayan cikinta, wata sabuwa fil, wata ta shekara goma tana aiki, kowace kuma da irin manhajojin da mai ita ya tara mata. Babu ɗakin gwajin da zai iya tara wannan haɗe-haɗe. Saboda haka sai a saki manhajar tun tana ɗanya ga masu ra'ayi, su ɗora ta a kan nasu na'urorin, su faɗi inda ta gaza.

Akan yi hakan mataki-mataki. Akwai matakin alfa, lokacin da ake kan gini, wasu sassan ma ba a dasa su ba. Akwai matakin beta, lokacin da sassan sun kusa cika, ana farautar kurakurai. Daga nan sai zubin da ake sa ran shi za a saki idan ba a samu wata babbar matsala ba.

Daga sayen faifai zuwa miliyoyin 'yan sa-kai

A da, kuɗi mutum yake biya kafin a ba shi damar yin wannan aiki. A watan Satumba na 2000 Apple ya sayar da faifan gwaji na Mac OS X a kan dala 29.95. A wancan zubin an sa tambarin kamfanin a tsakiyar saman allo, ado kawai, ba ya buɗe komai. Masu gwaji suka yi ca, domin sun saba da shi a kusurwar hagu, inda yake buɗe jerin umarni. Da cikakkiyar manhajar ta fito a watan Maris na 2001, tambarin ya koma hagu da aikinsa.

Da intanet ta ƙara sauri, sai faifai ya zama tarihi. A watan Janairu na 2009 jama'a sun yi wa zubin gwaji na Windows 7 rubdugu har na'urorin Microsoft suka kasa ɗauka, aka ɗage sakinsa da kwana guda. Sannan a ranar 1 ga Oktoban 2014 kamfanin ya buɗe shirin Windows Insider, wanda ya mayar da gwaji abin yau da kullum: maimakon zubi ɗaya ko biyu kafin fitowar sabuwar Windows, sai a riƙa tura wa mambobi sababbin zubi a kai a kai. Lokacin da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yulin 2015, mambobin sun kai miliyan biyar, zuwa 2017 kuma sun haura miliyan goma.

A tsarin da aka yi wa shirin a watan Maris na 2023, an kasa shi layi huɗu. Canary shi ne mafi ɗanye, abin da injiniyoyi suka rubuta kwanan nan ke isa can ba tare da dogon bincike ba. Dev na biye da shi. Beta ya fi su natsuwa, sai Release Preview wanda saura ƙiris a saki abin da ke cikinsa ga kowa. Apple kan nuna sabuwar macOS a taronsa na masu rubuta manhaja a watan Yuni, ya ba jama'a zubin gwaji a wajajen Yuli, ya saki cikakkiya bayan 'yan watanni. A duniyar Linux kuwa gwaji a fili ake yinsa tun asali. Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na fitowa duk watan Afrilu da Oktoba, ana sakin beta makonni kaɗan kafin nan, kuma kowa na iya karanta rahotannin kurakurai da amsar da masu gyara suka bayar.

Abin da mai gwaji yake biya

Yanzu ba a karɓar ko sisi, amma akwai abin da mutum yake bayarwa. Na farko shi ne bayanansa. Ba a shiga Windows Insider sai an yarda kwamfuta ta riƙa aika wa kamfanin ƙarin bayanai game da yadda take aiki, da manhajojin da ake buɗewa, da abin da ya faru duk lokacin da ta sandare. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, shi ne ma maƙasudin shirin, amma bai dace da na'urar da ke ɗauke da sirrin ofis ko na abokan ciniki ba.

Na biyu shi ne haɗarin asara. Zubin gwaji na Windows 7 ya zo da wani kuskure da ke datse daƙiƙun farko na wasu fayilolin sauti na MP3, datsewa ta har abada, sai da aka yi gaggawar fitar da gyara. Wanda ya fi wannan muni ya faru a 2008, lokacin da ake gwajin zubi na 2.6.27 na zuciyar Linux. Wani kuskure ya riƙa lalata bayanan da ke cikin wasu katunan sadarwa ƙirar Intel, har katin ya daina aiki ko da an sauya babbar manhajar. Masu gwada Ubuntu 8.10 da openSUSE 11.1 na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Da wuya manhaja ta taɓa ƙarfe haka, amma an ga ta taɓa.

Na uku shi ne wahalar komawa. Windows kan ba da kwana goma a koma zubin baya bayan sabuntawa. Idan wa'adin ya wuce, wanda ke layin Canary ko Dev sau da yawa ba shi da mafita sai ya goge kwamfutar ya ɗora Windows daga farko. Kuma zubin gwaji yana da ranar mutuwa. Na Windows 7 ya fara kashe kwamfuta duk bayan sa'a biyu daga 1 ga Yulin 2009, wa'adinsa ya ƙare a farkon Agusta. Wanda ya ɗauka ya tsinci Windows kyauta, ranar nan ya gane aro aka ba shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ba duk abin da aka gani a gwaji ne zai fito ba. A 2017 da 2018 an gwada wani tsari mai suna Sets, wanda ke haɗa manhajoji daban-daban a taga ɗaya. Masu gwaji da dama sun so shi, amma aka cire shi, bai taɓa isa hannun jama'a ba.

Shin ana jin maganar masu gwaji?

Wani lokaci ana ji, wani lokaci ana yin kunnen uwar shegu. An saki zubin gwaji na Windows 8 a watan Satumba na 2011, da wani a Fabrairun 2012. Tun a lokacin aka yi ta kuka a kan cire jerin Start da mutane suka saba da shi tun 1995. Kamfanin ya saki manhajar haka nan a Oktoban 2012. Sai da kasuwa ta nuna rashin gamsuwa aka dawo da maɓallin Start a Windows 8.1 a 2013, jerin kansa kuma a Windows 10. Mai gwaji shawara yake bayarwa, yanke hukunci na kamfani ne.

Matsalar zubin 1809 ta wani fanni ce. Kuskuren na shafar mutanen da suka sauya wa babban fayil ɗin takardunsu mazauni, amma suka bar wasu abubuwa a tsohon wurin. Sabuntawar ta ɗauka tsohon wurin fanko ne, ta share shi. Masu irin wannan tsari ba su da yawa, don haka masu kai rahoton ma ba su da yawa. A manhajar Feedback Hub, inda ake kai ƙorafi, mambobi kan mara wa rahoton juna baya da ƙuri'a, wanda ya tara ƙuri'u ya hau sama. Ƙorafi a kan launi ko surar wani maɓalli, wanda kowa ke gani, yana iya tara dubbai, rahoton ɓacewar takardu kuwa ya tsaya da 'yan ƙalilan. Bayan abin ya faru, Microsoft ya ƙara gurbin da mai rahoto zai nuna girman illar da matsala ta yi masa. Yawan masu gwaji bai hana ɓarna ba, saboda hanyar tace maganarsu ta auna yawan masu kuka, ta manta da nauyin abin da ake kuka a kai.

Ga wanda ya yi niyya

Sharaɗin farko: kada a gwada a kan kwamfutar da ake cin abinci da ita. Mai shagon buga takardu, da ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu, da akawun da ke riƙe da lissafin wani, duk su jira cikakkiyar manhaja. Wanda ke da tsohuwar kwamfutar da ba a dogara da ita ba, ita ce ta gwaji, in dai ta cika sharuɗɗa, domin Windows 11 na buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi.

Wanda ba shi da ta biyu yana da hanyoyi. Manhaja irin VirtualBox, wadda kyauta ce, tana ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo a cikin ta gaske, a ɗora zubin gwajin a can, in ya lalace a goge shi ba tare da an taɓa komai ba. Naƙasunta shi ne ba ta nuna yadda manhajar za ta yi da ainihin kayan na'urar. Ubuntu da Fedora kuma ana iya kunna su kai tsaye daga filashi, a duba ko sauti da intanet da firinta na aiki, a zare filashin kwamfuta ta koma yadda take. Ko wace hanya aka bi, a kwafe muhimman fayiloli zuwa rumbun ajiya na waje, a buɗe kwafin a tabbatar yana nan lafiya, sannan a cire rumbun daga jikin kwamfutar. A sauke manhajar daga shafin masu ita kaɗai. Zubin da aka ce an sato daga kamfani ana yaɗawa, ba wanda ya san abin da aka cusa masa.

A ƙasashenmu akwai ƙarin lissafi biyu. Kowane sabon zubi na Windows yana cin gigabait da dama, layukan da ke gaba-gaba kuma kusan duk mako suke samun sabo, wanda ke sayen data da kuɗinsa zai ji a jika. Sannan ɗaukewar wuta ana tsakiyar ɗora babbar manhaja na iya barin kwamfuta ba ta tashi, don haka a tabbatar batiri lafiyayye ne kuma a cike yake.

Saura aikin da ya sa aka buɗe ƙofar tun farko, wato rahoto. "Abin nan ba ya aiki" ba ya taimakon kowa. Rahoto mai amfani yana faɗin lambar zubin, da ƙirar kwamfutar, da matakan da aka bi ɗaya bayan ɗaya har matsalar ta bayyana, da abin da aka sa ran gani, da abin da aka gani, haɗe da hoton allo. A fara dubawa ko wani ya riga ya kai irinsa, in akwai a ƙara masa bayani. A nan ne mai gwaji daga Kano ko Damagaram yake da abin da injiniyan Microsoft ba shi da shi. Windows na da fassarar Hausa da allon rubutun Hausa. Idan sabon zubi ya ɓata ƙ da ɗ da ɓ, ko ya zo da fassarar da ba ta da kan gado, ko sabuntawa ta riƙa katsewa a kan intanet mai tafiyar hawainiya, injiniyan da ba ya jin Hausa kuma bai san rashin sabis ba zai daɗe bai lura ba, sai wanda abin ya sama ya zauna ya rubuta.